Haba Kawu, ni da riga uku a jikina?

Duk ƙarshen zango sai an turo bidiyon nan a rukunin WhatsApp na gidanmu: ɗaliban Jami'ar Harvard ta Amurka, tsirara haihuwar uwarsu, suna zagaye harabar makaranta a guje da tsakar dare, jajibirin jarrabawa. Har a Disamba fa, sanyin da ko yatsa ba ka son fitarwa daga aljihu, masu busa na gefe suna zuga su. Wai fargaba suke ragewa.

To, su ta shafa. Abin da ke ƙona min rai tambayar Kawu ce: "Ɗana, ku ma haka kuke yi a Amurkar?" Ni da nake wata jiha daban, riga uku a jikina, safa biyu! Jiya kuma Inna ta kira, wai sai na rantse.