Ni da Oga a Ƙasar Inka

Harkar irin dankalin turawa muke yi a wajen aikinmu, shi ya sa da takardar gayyata ta zo daga Lima, babban birnin Peru, babu wanda ya yi mamaki. Can ne mahaifar dankali. A tsaunukan Andis aka fara nomansa, kuma har gobe suna da iri dubbai, da baƙi da ja da ruwan ɗorawa. Sunan mutum biyu ya fito, ni da Oga, taron kuma a ƙarshen watan Yuni.

Saura 'yan makonni mu tashi Oga ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa, har na zaci maganar ƙarin girma ce.

"Malam, tunda Allah Ya nufa za mu taka ƙasar nan, ai ba ma dawo ba mu ga garin nan na kan dutse ba. Ka shirya mana. Kuma da ƙafa nake so mu hau, ta hanyar da mutanen da suke bi."

Oga ya ba sittin baya, kuma tumbinsa ne ke fara shiga ɗaki kafin shi. Amma tun shekarar da ya hau Jabalun Nur ya leƙa Kogon Hira, ya ɗauki kansa mahayin duwatsu, duk wanda ya zauna da shi minti goma sai ya ji labarin. Na ce, "An gama, ranka ya daɗe," don a zatona aikin yamma ɗaya ne: a samu mai jagora, a biya shi, a tafi.

Na samo wani mai shirya wa baƙi yawon buɗe ido a Kusko, tsohon babban birnin daular Inka, muka fara magana ta WhatsApp. Agogonsu yana bayan namu da awa 6, don haka lokacin da shi yake da sukunin hira ni ina tsakiyar barci. Uwargida ta fara kallona a kaikaice, ganin waya na haske cikin bargo da tsakar dare ina murmushi ni kaɗai. Ba murmushi ba ne, cizon haƙori ne.

Na ce masa muna son Hanyar Inka, wadda ake yi a kwana 4, tafiyar kilomita 40 da 'yan kai, a ratsa wani wuri mai tsawon sama da mita 4,200 kafin a gangaro Machu Picchu, wato tsohon garin Inka na kan dutse da Oga ke nufi. Ya tambaye ni, cikin ladabi, ko Yunin baɗi nake nufi. Na ce na bana. Sai ya turo mini hoton fuskar nan mai dariya har da hawaye, sannan ya yi bayani. Gwamnatinsu mutum 500 kacal take bari su shiga hanyar a rana, kuma a cikin 500 ɗin har da 'yan dako da masu dafa abinci da jagorori, abin da ya rage wa baƙi bai kai rabi ba. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa lokacin rani ne a wajensu, babu ruwan sama, Turawa da Amurkawa kuma suna hutu, duniya gaba ɗaya can take nufa. Izinin waɗannan watanni tun watanni da yawa baya ake wawashe shi. Abin dai kamar kujerar Hajji: wanda ya biya tun bara shi ke tashi.

To, ni ɗan Najeriya ne, ban saba jin "babu" in tafi ba. A wajenmu "babu" farkon ciniki ne. Na rubuta masa, "Ba ka san kowa a ofishin ba?" Ya ce ya san su duka, tare suke shan shayi, amma izini da suna da lambar fasfo ake bayarwa, ba a sauya wa wani. Na ce to ko wani zai fasa a ba mu nasa. Ya ce in mutum ya fasa, gurbinsa ya tafi ke nan. Na kai wa Oga rahoto, ya yi shiru, ya shafa gemu, ya ce, "Ka ce akwai gurbin 'yan dako?" Na ce akwai. Ya ce, "To a rubuta ka a ciki mana." Ni kaɗai, ku lura.

Akwai gajeriyar hanya ta kwana 2, wadda jirgin ƙasa ke sauke mutum a kilomita ta 104 ya ƙarasa da ƙafa ta Ƙofar Rana, tsohuwar mashigar Machu Picchu. Ita ma ta cika. Na yi wa Allah godiya a zuci, a fili kuma na nuna wa Oga raina ya ɓaci ƙwarai.

Sai muka dawo kan tafiyar talakawa, wato jirgin ƙasa da bas. Nan ma ba a shiga Machu Picchu haka kawai don mutum ya iso ƙofa da kuɗi a hannu. Tikiti yana da rana, yana da awa, kuma tun 2024 aka raba wurin zuwa zagaye 3, kowa da layin da zai bi, ba komawa baya. Zagaye na 2 shi ne wanda kowa ke so, don shi ya haɗa wurin ɗaukar shahararren hoton garin daga sama da shiga cikin garin. Ya ƙare. Abin da mutumin ya iya tsinto mana shi ne tikiti ɗaya na zagaye na 1 da sassafe, wanda ake tsayawa a sama a hango garin, da tikiti ɗaya na zagaye na 3 da rana, wanda ake shiga ƙasan garin amma ban da wurin ɗaukar hoton. Oga ya ce babba shi ke sama, ya ɗauki na farko. Jagora kuwa tunda ba zai tsaga kansa biyu ba, sau biyu zai shiga, sau biyu za a biya shi.

Ina cikin murnar an gama, sai maganar masauki ta taso. Ashe ranar 24 ga Yuni ake bikin Inti Raimi a Kusko, bikin rana na mutanen Inka, wanda ake yi a filin Saksaiwaman, kuma a makon nan ko ɗakin ajiye tsintsiya ya zama na haya. Kuɗin da aka ce mana na kwana ɗaya, Oga ya lissafa shi da naira, ya cire hula ya ajiye a kan tebur.

Bayan duk an biya, an tura lambar fasfo, an buga tikiti, Oga ya shigo ofis wata safiya yana fara'a, yana kaɗa sabon fasfo. Ya sabunta, wai kada a ce nasa ya kusa ƙarewa. Sabon fasfo, sabuwar lamba. Na sanar da mutumin Kusko, ya ce ba damuwa, amma lallai a zo da tsohon a haɗa da sabon a ƙofa. Tsohon kuwa yana cikin akwatin Hajiya, Hajiya ta tafi biki Zariya da makullin a bakin zaninta. Direba aka tasa takanas ya karɓo makulli, ya dawo da saƙon cewa in an taɓa mata turamen atamfa za a gamu.

Taro dai ya tashi lafiya, muka hau jirgi daga Lima, wadda ke bakin teku, cikin ƙasa da awa ɗaya da rabi sai ga mu a Kusko, mita 3,400 a sama. Duk wanda ya san kan abin yana cewa a fara sauka Kwarin Urubamba, inda ƙasa ta fi sauƙi, jiki ya saba tukuna. Mu tikitinmu bai bar mana wannan sararin ba. Matakalar masaukin ba ta kai ta bene ɗaya ba, amma a tsakiyarta gwarzon Jabalun Nur ya zauna, ya riƙe ƙarfe, yana numfashi da baki.

"Malam, wani ya rage iskar garin nan."

"Tsawo ne, ranka ya daɗe."

"Ka kira mini Hajiya. Akwai takardun fili a ƙarƙashin katifa."

Ga kuma sanyi. Babu wanda ya tuna mana cewa Yuni hunturu ne a kudancin duniya. Da rana rana tana dukan ƙeya, da dare kuwa ruwan alwala sai ka yi shahada kafin ka taɓa shi. Oga ya zo da shaddoji masu sitaci, ni na zo da riguna marasa nauyi. Kafin gari ya waye mun sayi hulunan ulu irin nasu masu rufe kunne da igiya tana lilo, Oga ya ɗora tasa a kan babbar riga. Wasu 'yan Japan suka nemi ɗaukar hoto da shi, ya yarda, yana ta ɗaga musu hannu.

Mai masaukin ta kawo mana shayin wani ganye ta ce yana maganin hajijiyar tsawo. Oga ya kurɓa ya ce da daɗi, ya tambayi sunan ganyen. Na ce koka ne, wanda ake sarrafawa a yi hodar iblis. Ya furzar, ya yi salati, ya ce a kawo masa ruwa ya kurkure baki. Aka yi masa bayani cewa ganyen halal ne a dokar Peru, mutanen tsaunuka sun daɗe suna taunawa suna dafawa, shi da hodar kuma akwai tafiya mai nisa. Ya ce shi dai a'a. Da ciwon kai ya matsa masa cikin dare, na ji motsi, na leƙa, sai ga shi a gaban fulas yana cika kofi. Da safe har yana shawarar a saya wa Hajiya ƙulli guda. Na tuna masa mutanen da ke jiran masu irin wannan tsaraba a filin jirgin Abuja da karnukansu, ya ce wasa yake yi.

Abinci kuwa mun sha dankali har mun gode Allah. A wani gidan abinci a Olantaitambo aka wuce da faranti ta gabanmu, wata 'yar dabba a gashe, da kanta da haƙoranta da ƙafafuwa huɗu a miƙe. Kui suke ce mata, abincin alfarma ne a wajensu, a gida suke kiwonta. Oga ya bi farantin da kallo har ya ɓace, ya juyo ya ce wa mai hidima da Hausa tsantsa, "Kifi. Kifi kawai." Kifin kogi da masara mai manyan ƙwayoyi, su suka riƙe mu.

Daga Olantaitambo jirgin ƙasa ya bi gefen kogin Urubamba ya sauke mu a Aguwas Kaliyentes, ƙaramin garin da ke gindin dutsen. Bas na farko ƙarfe 5:30 na asuba yake tashi, muka fito da duhu muna ganin mun yi sammako, muka tarar da layi ya miƙe ya sha kwana. Na raka Oga har ƙofa, bayan bas ya gama murɗa mu a kan hanyar nan mai lanƙwasa. Aka duba fasfo biyu, aka duba fuskarsa a cikin hular ulu, aka ƙyale shi. Sai jagora ya ce duk mai buƙatar bayi ya shiga yanzu, don a ciki babu, kuma wanda ya fito ya fito ke nan. Oga, da ya shanye rabin fulas ɗin shayin nan kafin mu fito, ya ce shi ba yaro ba ne.

Abin da ake yi a awa biyu, Oga ya gama shi a ƙasa da ɗaya. Na hango shi yana gangarowa da sauri, babbar riga a tattare, jagora na biye da shi yana ta bayanin Sarki Pachakuti da ya sa aka gina wurin wajen 1450, da Ba'amurken nan Hiram Bingham da ya tallata shi ga duniya a 1911. Oga bai tsaya ba, ya wuce ni yana cewa, "Malam, canji! Ba ni canji!" Bayin na kuɗi ne.

Da rana na shiga nawa zagayen. Gaskiya wurin ya isa a je. Na tsaya a jikin Ɗakin Rana, wurin bautar mutanen Inka, na ga yadda aka sassaƙe duwatsu aka haɗa su ba tare da siminti ko laka ba, ko tsinke ba ya shiga tsakani, a ƙasar da girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce. Magudanan ruwan da suka sassaƙa a dutse har yau ruwa na bi. Na so in daɗe ina kallo, amma bayana akwai ayari, gabana akwai ayari, ga mai gadi da usur. Da yamma muka zauna muka haɗa labari, shi ya ba ni na sama, ni na ba shi na ƙasa, ya tura mini hotonsa, wanda wata llama, dabbarsu mai kama da ƙaramin raƙumi, ta tare rabinsa.

Da muka dawo gida Oga ya tattara rasit ɗin nan kaf, har da na bayi, ya ce in kai wa akanta. Akanta ya sa tabarau ya jujjuya su ya ce, "Yallaɓai, taron dankalin har kan dutse ya kai?" Oga ya sauko da kansa ya kare lamarin. Ya ce a hanya mun tsaya a Morai, inda mutanen Inka suka yi gonaki a zagaye, hawa-hawa zuwa cikin rami, kowane hawa da irin ɗuminsa, kuma masana da dama suna ganin wurin gwajin iri ne. Saboda haka ziyarar aiki ce, ziyarar takwarori. Akanta ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya zaro rasit ɗin Morai shi kaɗai ya buga masa hatimi, ya turo mini sauran. Oga ya dube ni ya ce tunda ni na shirya tafiyar, sai mu raba biyu.