Yadda autanmu ya rufe mini shafin ƙwallo

Kwamfutar gidanmu da kuɗina aka saye ta, amma autanmu ne ke mulkinta. Duk shafin da ya ce "danna nan ka ci kyautar data", sai ya danna. Har ta kai kana buɗe intanet tallace-tallace za su yi ta tsalle kamar farin da aka zuba a kasko.

Wani abokina mai gyaran kwamfuta ya ce in daina ihu. Akwai wani ɗan fayil mai suna hosts, yana kwance a C:\Windows\System32\drivers\etc. Kafin kwamfuta ta tambayi DNS, wato kundin adireshin shafukan intanet, inda shafi yake, cikin wannan fayil take fara leƙawa. Ka rubuta 0.0.0.0, ka bar fili, ka sa sunan shafin da kake son rufewa, shi ke nan ka aike ta gidan da babu kowa.

Da baki abin ba wuya. Notepad, manhajar rubutu ta Windows, ya fara ƙin ajiyewa, wai ba ni da izini. A kwamfutata! Na ajiye a wani wuri, ya liƙa masa wutsiya ya zama hosts.txt, wanda Windows ko kallo bai ishe shi ba. Sai da na buɗe Notepad a matsayin administrator, wato mai cikakken iko da kwamfutar, ya sauko. Fayil ɗin kuma ba ya gane "da sauransu": sunan shafi da www layinsa daban, marar www layinsa daban. Haka na yi ta jera shafukan tallan har bayan isha'i, na buga ipconfig /flushdns don kwamfuta ta manta tsofaffin adireshi, na gwada. Duk sun mutu. Na kira auta na nuna masa layi-layi, ina bayani ina gyara hula.

"Yaya, wannan alamar # ɗin da ke sama fa?"

"Duk layin da ya fara da ita, kwamfuta tsallake shi take yi," na ce, cike da ilimi.

Ba a jima ba tallace-tallace suka dawo. Na buɗe fayil, na hango layukana suna nan reras, na rufe. Sannan shafin da nake duba sakamakon ƙwallo ya daina buɗewa, a ranar wasan Arsenal. Na kashe na kunna, na sake sayen data, na kira kamfanin layina na wanke wata baiwar Allah tas, ita kuwa sai haƙuri take ba ni.

Abokina ya zo, ya sa tabarau, ya fashe da dariya. Kowane layi nawa an manna masa # a goshi. Can ƙasa kuma ga sabon layi guda, tsaf, babu kuskure: 0.0.0.0 da shafin ƙwallona. Har da na www.

Na ƙwala wa auta kira. Ya leƙo da kofin koko a hannu.

"Yaya, ai kai ka ce a rufe duk shafin da ke cutar da mutum. Ni kuwa duk ranar da aka ci Arsenal, ba ka cin tuwo."