Hayaƙin Da Ya Ɓata Mini Suna A Wuhan

Hutun 1 ga Oktoba na wucewa, zafin Wuhan ya ja da baya, busasshen tari ya kama ni. Ayi mai tsaron ƙofar hostal ta tura ni wajen wani likitan gargajiya. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannuna, ya sa na zaro harshe, ya girgiza kai. Wai a iliminsu kaka lokacin huhu ne, kuma bushewa ce ke cin sa. Ya hana ni yaji da ruwan sanyi, ya ce zuma a ruwan ɗumi, in riƙa tsoma ƙafa a ruwan zafi da dare. Sannan ya haɗo ni da sandunan wani ganye da suke kira "ai", ɗan'uwan tazargade, a naɗe cikin takarda. A kunna bakin ɗaya, a riƙe kusa da fata, faɗin yatsu huɗu ƙasa da gwiwa.

Abin da bai faɗa mini ba shi ne warin abin. Jama'a, sak wiwi.

Bayan isha'i ina bakin gado, wando a naɗe, ƙafafu cikin baho, taga a rufe saboda iska, sai ƙofa ta buɗe. Ustaz ne, ba ko sallama, shi da ke mana wa'azin sallama. Bayansa wani ɗan Damagaram da waya a hannu. Ga ni cikin hayaƙi, ido jajur, da naɗaɗɗen abu mai kaurin babban yatsa yana ci da wuta.

Ustaz ya dafa ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, har da kai?"

Wannan "har da kai" ɗin ita ta fi ci mini rai. Na buɗe baki in yi bayani, tari ya sarƙe ni. Na sake gwadawa, ya sake sarƙe ni, har da hawaye. Ustaz ya ɗauka kukan nadama ne, ya ja kujera ya zauna. Ya tuna mini dokar ƙwaya a ƙasar Sin, ya tuna mini gwajin fitsari, ya ce in dubi mahaifina da ya sayar da gona don in yi karatu. Mahaifina malamin makaranta ne, ko fuloti bai taɓa sayarwa ba. Ina nuna masa gwiwata, yana cewa, "Ka ga har abin ya fara taɓa shi."

Ayi ce ta cece ni. Tun daga matakala ta gane warin, ta shigo tana faɗa, ta wangale taga, ta ƙwace sandar. Ta ce an hana kunna wuta a ɗaki, kuma ma ba daidai wurin nake gasawa ba. Ta kama ƙafar Ustaz za ta nuna mini, ya yi tsalle ya kifar da bahon a kan silifas ɗinsa.

Kuna tsammanin ya ba ni haƙuri? Cewa ya yi ko ma mene ne, mumini ya guji shubuha. Wannan fa mutumin da tukunyar shinkafata ta lantarki ke ɗakinsa tun azumi. Duk sanda na tambaya sai ya ce, "Ɗan'uwa, ai duniya ce." Kuma tun daga ranar, in ya makara, ɗan Damagaram yake sa wa ya ja salla, wanda ya tura bidiyon a guruf ɗin WeChat ya yanke wurin da Ayi ta shigo.

Tarin dai ya tafi, ko zumar ce ko don kansa. Sauran sandunan suna ƙarƙashin gado, mai so ya zo. Ustaz, har da murfin tukunyar don Allah.