In ba za ku sayi tikiti ba, ku daina mana kukan al'ada

Wai har da "Allah sarki, wasan daɓe ya mutu a Kano". To wa ya kashe shi? Aljanu? Yaran nan 'yan wasan daɓe sun yi wata da watanni suna gwaji, sun kama zaure da kuɗin aljihunsu, ranar Asabar kujeru suka fi 'yan kallo yawa. Da hoton ya fito a Facebook kuwa, sai ga masu ta'aziyya rututu, kowa na tuna zamanin Samanja da Ƙasimu Yero. Sannunku da kishi. Ina tikitinku?

Kar wanda ya ce min tsada. Datar da kake ƙonawa kan fim mai dogon zango a YouTube ta ninka kuɗin ƙofar nan. Kuma rabin masu kukan tsadar su ne ke kiran ɗan wasa a waya: "Mutumina, ba ka ajiye min na alfarma ba?" Alfarma ce za ta biya mai janareta?

Sai masu cewa tarbiyya. Tun 2001 Kano ke da hukumar tace fina-finai. A 2016 an so gina ƙauyen fim a Ƙofa ta Bebeji, muka yi ca, gwamnatin tarayya ta fasa. To an fasa, sai kallon ya tsaya? Ya dai koma cikin waya, a ƙuryar ɗaki, inda ba uba ba malami. Garin da a da ya cika gidajen sinima irin su Plaza da Orion da Marhaba da Eldorado, yau mutum ke jin kunyar a gan shi a layin tikiti.

Wallahi abin na ci min rai. Bayan labulen nan akwai mai fitila, mai ɗinki, mai kwalliya, da yarinyar da ta sha faɗa a gida kafin a bar ta ta fito. Yabo ba ya kai su gida a adaidaita sahu. Gobe in sun koma barkwancin TikTok, ku ne dai za ku fara zaginsu. Ku sayi tikiti, ko da ba za ku je ba.

Af, gidan tarihin nan, Gidan Makama, ma fa? Ginin da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, amma in ba 'yan makaranta da aka taso a layi ba, sai masu hoton kafin aure. Su ma ango na ta duba agogo, mai hoto na cewa amarya ta ɗan karkato.