Ƙanena Mawaƙi, In Mai Shiri Ya Nemi Waƙarka

Da ku nake, ƙannena masu waƙa da ba ku da kamfani ba ku da ubangida, ku da kuke tara kuɗin situdiyo da guminku. Wata rana saƙo zai shigo wayarka daga wani mai shirin fodkas, irin shirin nan da ake hira da masu fasaha na cikin unguwa: yau tela, gobe mai ɗinkin hula, jibi baduku ko mai zanen allon shago. Zai ce ya ji waƙarka ta burge shi, yana so ya sa ta a shirinsa.

Wani da ya ga saƙon sai ya leƙa shafin mai shirin, ya ga mabiyan ba su taka kara sun karya ba, ya hura hanci ya ƙi amsawa. Wannan wauta ce. Mutumin da zai toshe kunne ya saurari hira da tela har ta ƙare mai haƙurin sauraro ne, zai ji baitinka har ƙarshe. Ba ɗaya yake da mai goga yatsa a TikTok ba, wanda ke wucewa tun ba a kai amshi ba. Ka amsa, cikin mutunci.

Amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda murna ke kwashewa. Nan take ya tura waƙar ta WhatsApp, ya bi ta da saƙon murya: "Yallaɓai, ai taka ce, ka yi yadda kake so da ita." Mun taso muna ganin masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa suna cika wa mutane memori, kuɗin ya shiga aljihunsu, mawaƙi ya tashi da suna kawai. Har muka ɗauka sunan shi ne ladan.

To ka sani, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba ka haƙƙi tun daga ranar da aka naɗi waƙar, ko ba ka yi rajista a ko'ina ba. Kuma dukiya biyu ce a cikin waƙa guda. Akwai baitoci da karin da ka tsara, waɗanda kariyarsu ke kaiwa shekara 70 bayan rasuwarka. Akwai kuma sautin da aka naɗa a situdiyo, shi shekara 50 ne daga fitar da shi. Ke nan abin da kake kyauta da shi a saƙon murya, gadon 'ya'yanka ne.

Ga inda gizo ke saƙa. Dokar ta ce sayar da haƙƙi gaba ɗaya, ko ba wa mutum ɗaya tak izini, sai a rubuce. Amma izini na yau da kullum yana ƙulluwa da fatar baki, har ma da abin da aka fahimta daga halinka. Wannan "yi yadda kake so" izini ne marar iyaka, kuma da muryarka ka bayar. Gobe in shirin ya bunƙasa, waƙarka ta zama taken da ake buɗe shi da shi kowane mako, masu talla suna biya, da wane baki za ka yi magana?

Ba sai ka nemi lauya ba. Rubuta masa layi kaɗan, ya amsa da "na amince", ka adana. A wane kashi na shirin za a sa ta, duka ko wani yanki, sau ɗaya ko kullum, sauti kaɗai ko har da bidiyo a YouTube. Ya faɗi sunanka da bakinsa a cikin shirin, ya kuma rubuta shi a ƙasa tare da inda za a sami waƙar. Sannan a rubuta ƙarara cewa waƙa tana nan taka. In shirin ƙarami ne ba ya samun ko kwabo, ba laifi ka bayar ba kuɗi, ni ma shawarata ke nan. Kada dai ka ce ai abokina ne, kunya ta hana ka rubutu. Sabo da kaza ba ya hana yanka.

Kafin ma ka ba da izini, ka tabbata naka ne ka bayar. Kiɗan wa ke ƙarƙashin muryarka? In a intanet ka sauke shi don an rubuta kyauta ne, yawanci kyautar ba ta haɗa da neman kuɗi ba. In furodusa ne ya buga, me kuka yi da shi? Wa ya biya kuɗin situdiyo? 'Yar amshin fa, ta san muryarta za ta je can? YouTube na da tsarin Content ID da ke gane sauti da kansa. Ranar da ya kama kiɗan wani a bidiyon mai shirin, kuɗin tallan na iya komawa ga mai kiɗan, kai kuma ka zama wanda ya jawo wa mutum masifa. Ko waƙar taka ce tsantsa, in ka sa ta a tsarin ta hannun kamfanin rarraba waƙa irin DistroKid, ka faɗa wa mai shirin tun wuri a warware.

Kuma kada shirin ya fita waƙar ba ta ko'ina. Ɗora ta a Audiomack, Boomplay ko Spotify tukuna, da suna iri ɗaya da wanda za a faɗa a shirin. Kada ka fara lissafin mota: tun 2024 Spotify ba ya biyan ko sisi a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba. Ka nemi bayani kan shiga MCSN, in a Nijar kake kuma BNDA, su ne masu karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu.

Ranar da shirin ya fita, kada ka yanko wurin waƙarka kaɗai ka watsa kamar kai aka gayyata. Telan nan shi ne baƙon ranar. Tura wa mutanenka shirin dungurungum, ka ambaci sunansa da na mai shirin.