Mu da ba ma ɗiban ruwa mu ne muka zaɓi wurin rijiya

Jiya da la'asar na bi ta gefen rijiyar burtsatsen da wata ƙungiya ta haƙa mana a unguwa, na tarar awaki biyu sun miƙe a kan dakalinta suna tuƙa. Allon da aka kafa ranar buɗewa yana nan, ko fentinsa bai gama koɗewa ba. Famfon kuwa ya daɗe da mutuwa.

Ina wurin ranar da aka zaɓi inda za a haƙa ta. Tabarmi aka shimfiɗa a ƙofar gidan mai unguwa, maza zalla, har da ni da rabona da ɗaukar bokiti tun ina makarantar allo. Baƙin suka ce ina ya dace? Muka ce gefen masallaci mana, saboda alwala. Aka ce madalla, aka shafa fatiha. Ba wanda ya tuna cewa wurin majalisar maza ce daga hantsi har bayan isha'i, kuma matar aure a cikin birnin Zariya ba za ta ratsa dattawa da tulu a ka ba. Sai aikin ya koma kan yara mata, su bi layi da sassafe, su isa makaranta an riga an rufe ƙofa. Dakalin kuma aka yi masa matakala uku. Maƙwabcinmu gurgu ne, kekensa ba ya hawa, sai ya tsaya a ƙasa yana jiran yaron da zai tausaya masa.

Abin haushin, masu ba da tallafin nan sun san wannan magana tun tuni. A taron duniya kan ruwa da aka yi a birnin Dublin a 1992 aka rubuta cewa mata ne ƙashin bayan samar da ruwa da kula da shi. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ruwa mai tsafta haƙƙin ɗan Adam ne, a 2015 kuma aka sa shi a matsayin na 6 cikin muradun ci gaba mai ɗorewa, wai ya isa ga kowa kafin 2030. Har ma'auni gare su: zuwa da dawowa, haɗe da bin layi, kada ya wuce minti 30. To minti 30 na wa? Na saurayi mai ƙarfi, ko na tsohuwar da gwiwa ta hana ta sakat? A takarda dai unguwarmu ta shiga sahun waɗanda suka samu ruwa.

Ba na raina babban aikin ruwan Zariya. An yi madatsar Galma, an gina matatar da aka tsara ta riƙa ba da lita miliyan 150 a rana, da hannun Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci a cikin kuɗin. Aiki ne na gaske. Sai dai yawan lita a bakin matata ba ya gaya maka ko bazawarar da ke haya a ɗaki ɗaya a can ƙuryar lungu tana da kuɗin jawo bututu. Ita jarka take saye, kuma in ka lissafa za ka ga litarta ta fi ta mai famfo a tsakar gida tsada.

Wanda ya fi ba ni mamaki da ba a taɓa gayyatarsa ba shi ne mai ga-ruwa. Mutumin da ke tura kura daga Tudun Wada zuwa Gyallesu kullum ya san rijiyar da ke ƙafewa da bazara, ya san mai zartsi, ya san gidan da aka rage sayen jarka saboda maigida ya kwanta ciwo. Taswirar ruwan garin nan a kansa take, amma kallon matsala ake yi masa. Haka makiyayi da mai lambun tumatir a bakin kogin Galma, sai rigima ta tashi tukuna ake tuna da su.

Na san wani zai ce ai al'adarmu ba ta ba mata damar zama taron ƙofar gida ba. Wa ya ce sai sun fito? Akwai malamar Islamiyya, akwai ungozoma, akwai uwar adashi, kowace tana shiga gida-gida. A aika su su jiyo. Kuma tsakani da Allah, matar da ta riƙe adashin mutum ashirin shekara da shekaru ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ta fi kwamitinmu cancantar riƙe kuɗin gyaran famfo. Mu da muka riƙe, sau biyu muna karɓar karo-karo.

Da safen nan na tambayi mai kawo mana ruwa ko ya san abin da ya lalace a famfon. Ya yi dariya, ya ce wata 'yar roba ce a ciki, ana samunta a kasuwar Sabon Gari, kuma tun shekarar da ta lalace ya faɗa wa wani a majalisarmu, aka ce ya je ya ji da kurarsa.