Ɗan dabo a cikin falo: ya burge mu, amma ya faɗa mana dabara ce

Na taɓa halartar wani ƙaramin taro, ba mu kai mu goma sha biyar ba, inda mai gida ya gayyato ɗan dabo don ya nishaɗantar da baƙinsa. Babu dandamali, babu labule. Tebur ɗaya ne a tsakiyarmu, shi kuma ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu. Ya sanya wa wata baiwar Allah ƙwallon soso guda a tafin hannu, ya ce ta dunƙule da kyau. Da ta buɗe sai ga biyu. Har yau ina tuna salatin da ta saka. Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne bayanin da ya yi tun kafin ya taɓa komai: ya ce duk abin da za mu gani rufa-ido ne, ba shi da wani iko na ɓoye, shekaru ya yi yana horar da yatsunsa.

A ganina wannan bayanin wajibi ne a kan duk wanda yake irin wannan wasa a gidajen mutane.

Dalilin yana cikin yanayin wasan. Wanda yake kallo daga nesa zai ce akwai wata ƙofa a ƙarƙashin dandamali, mai kallon bidiyo kuma ya ce an yanke hoto an haɗa. A falo babu wannan mafaka. Tsakaninka da mai wasan bai fi kamu biyu ba, kai ka cuɗa kartar, zobenka ne ya ɓace. Shi ma aikin ya fi masa wuya, domin akwai mai leƙe ta bayan kafaɗarsa, akwai yaron da ke zaune a ƙasa yana hango ƙasan tafin hannunsa. Mutane suna cewa hannunsa ya fi ido sauri, alhali gwanayen sana'ar a hankali suke motsi. Hankalin mai kallo suke ja: inda suka duba can kowa zai duba, babban motsi ya rufe ƙarami, kuma ainihin aikin ana yin sa ne lokacin da aka kwashe da dariya, kowa ya saki jiki. A 2006 masu bincike Gustav Kuhn da Michael Land sun nuna wa mutane bidiyon wanda ya jefa ƙwallo sama sau biyu, a na uku ya riƙe shi a hannu amma ya bi sama da ido. Kusan biyu cikin uku na masu kallon sun ce sun ga ƙwallon ya tashi ya ɓace. Sun ga abin da bai faru ba, kuma ba ƙarya suka yi ba.

To wanda abu ya faru a cikin tafin hannunsa, wa zai ƙaryata shi? Zai rantse, zai kuma ba wasu labari. Wannan yarda ce mai nauyi, kuma an sha cin amanarta. A 1856 gwamnatin Faransa ta tura shahararren ɗan dabo Robert-Houdin zuwa Aljeriya don ya razana mutanen da take mulka. Ya ajiye ƙaramin akwati, ya ce wa wani ƙaƙƙarfa zai zare masa ƙarfi, mutumin ya yi ta fama ya kasa ɗaga shi. Maganaɗisun lantarki ne a ƙarƙashin daɓen. Tun kafin nan, wani zanen da ake dangantawa da mai zanen nan ɗan ƙasar Holland, Hieronymus Bosch, ya nuna mai wasan kofuna da ƙwallo ya ɗauke hankalin wani mutum, ɓarawo kuma yana zare masa jakar kuɗi ta baya. Masu damfarar ninka kuɗi da masu ikirarin karanta zuciya da irin waɗannan dabaru suke aiki. Abin da ya raba su da mai nishaɗantarwa shi ne abin da kowannensu ya ce yana yi.

Wasu masu sana'ar suna cewa faɗin haka yana kashe armashi. Ban yarda ba. Sun haɗa abu biyu ne: faɗin cewa dabara ce, da tona yadda aka yi ta. Seneca, masanin falsafar Rum, ya rubuta kusan shekara dubu biyu da suka wuce cewa yaudarar mai wasan kofuna ita ce take burge shi, amma da zarar an nuna masa yadda ake yi sha'awar ta tafi. Ya san yaudara ce, kuma hakan bai rage masa komai ba. Houdini ma, shahararren ɗan dabon Amurka wanda yake bugun ƙirji cewa babu wasan da zai gani sau uku bai gano shi ba, a Chicago a 1922 wani ɗan dabo mai suna Dai Vernon ya cusa kartar da Houdinin ya sa wa alama cikin sauran, ta dawo sama, ya yi ta maimaitawa har ya wuce ukun nan, Houdini bai gano ba. Babu wanda ya ambaci aljani a wurin. Ni kam mamakin ya fi mini daɗi idan na san ɗan Adam ne kamata ya yi wannan da yatsu goma.

Gaskiyar nan tana kare shi kansa mai wasan. A 1584 Reginald Scot ya wallafa littafi a Ingila yana bayyana dabarun ƙwallo da sulalla da karta, don a daina kallon masu yin su da sauran bayin Allah a matsayin mayu, a zamanin da irin wannan zargi yake kai mutum ga rataya. Ɗan dabon da ya bar mutane cikin shakka don ya ƙara kwarjini, wata rana shakkar a kansa za ta faɗo.

Akwai kuma haƙƙin baƙo. A taron mutum goma, wanda aka kira ya taimaka yana gaban danginsa ne da abokansa, kuma zai ci gaba da zama da su bayan mai wasan ya tattara kayansa. Kada a mai da shi abin dariya, kada a taɓa shi ko kayansa sai da izini, wanda ya ce ba ya so a ƙyale shi. Idan akwai yara a wurin, sun fi kowa buƙatar jin cewa koyo ake yi.

Mai gidan da zai gayyato irin wannan mutum yana da damar tambayarsa tun farko me zai ce wa baƙi game da abin da yake yi. Idan ya fara kame-kame yana nuna akwai wani sirri da ya wuce horo, gara a nemi wani.